Amsoshin Tambayoyinku: Karen Yayana Ya Yi Ƙiba, In Yi Magana Ko In Ja Bakina?

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da warhaka, barkanmu da sake haɗuwa a filin Amsoshin Tambayoyinku. Wasiƙun wannan makon kusan duk a kan jikin kare suka faɗa. Wani ya ga na ɗan'uwansa ya cika ya batse, wani ya ga na maƙwabci yana zubewa a hankali, kowa kuma yana tambaya ko ya yi magana ko ya kama bakinsa. Na zaɓo huɗu daga ciki.

Ta farko daga wata baiwar Allah ce, ga abin da ta rubuto: "Yayana yana da kare irin Labrador, shekararsa shida. Bara yana bin ƙwallo da gudu, bana matakala uku yake hawa ya tsaya yana haki. In ka dube shi ta sama kamar ganga, babu alamar ƙugu. Yaya kuwa alfahari yake, yana cewa ƙoshi ne da hutu. Ina tsoron in yi magana ya ce na raina shi."

Malama, ki yi magana. Ba zan yi miki kwana-kwana ba. Amma kafin bakinki ya isa, hannunki ya fara isa, domin a sha'anin kare ido yana yawan ruɗin mutum, musamman in akwai gashi mai kauri. Ki yi wannan yanzu da kike saurarona. Ki miƙe yatsun hannunki na hagu, ki shafa bayan hannun da yatsun dama, daidai inda yatsu suka haɗu da hannu. Kina jin ƙasusuwan ɗaya bayan ɗaya, da 'yar fata a kansu, ba sai kin danna ba. Haka haƙarƙarin kare mai lafiya yake a hannu. Yanzu ki dunƙule hannun ki sake shafawa. Kin ji sun yi tsini? Wannan ramamme ne. Sai ki juya tafin hannun ki shafa gindin yatsu, inda sai kin danna kafin ki ji ƙashi. In haka kika ji a jikin karen Yaya, to kitse ya rufe shi. Bayan nan ki tsaya a kansa ki duba ƙasa, ya kamata jikin ya ɗan tsuke bayan haƙarƙari. Ki koma gefe ki tsuguna, ya kamata cikin ya ɗage sama wajen ƙafafun baya, ba ya sauko ya yi teɓa ba.

Likitocin dabbobi suna da ma'auni na wannan, daga 1 zuwa 9, wanda kamfanin Purina ya fito da shi a 1997 kuma ake aiki da shi a asibitocin dabbobi a ƙasashe da yawa. Lamba 4 da 5 su ne daidai. Kowace lamba ɗaya da aka haura bayan 5 tana nufin ƙarin kusan kashi 10 cikin 100 na nauyin da ya kamata. Karen da ya dace ya zama kilo 30, in ya kai lamba 8, yana ɗauke da wajen kilo 9 na kaya a kan gwiwoyin da ba a halitta su don shi ba, dare da rana, babu ranar saukewa.

Abin da ya sa na ce kada ki yi shiru shi ne, wannan kitsen shekaru yake ci. A Amurka an yi wani bincike mai tsawo da aka wallafa a 2002, kuma a kan irin karen Yayanki aka yi shi. An ɗauki 'yan kwikwiyon Labrador 48 aka haɗa su biyu-biyu, 'yan ciki ɗaya, abinci iri ɗaya, sai dai ɗaya ana rage masa kashi 25 cikin 100 na abin da ɗan'uwansa yake ci, aka bi su har ƙarshen rayuwarsu. Waɗanda aka rage wa abinci sun kai shekara 13 a tsaka-tsaki, sauran kuwa shekara 11 da 'yan watanni. Kusan shekara biyu ke nan, a dabbar da duka rayuwarta ba ta wuce goma sha wani abu ba. Ciwon gaɓoɓi ma ya yi jinkirin kama marasa ƙibar. Daga baya Jami'ar Liverpool a Ingila ta duba bayanan karnuka sama da 50,000 na jinsi 12, kuma a kowane jinsi masu ƙiba sun riga 'yan'uwansu mutuwa, a wasu tazarar 'yan watanni, a wasu har shekara biyu da rabi.

To ta yaya za ki faɗa? Ki sani Yaya ba mugunta yake yi ba, so ne. Wanda yake zuba wa karensa ƙari don ya ga ya zuba masa ido yana kaɗa jela, in kika ce masa "ka ɓata karen nan da ci," abin da kunnensa zai ji shi ne "ba ka iya riƙo ba." Daga nan ƙofa ta rufe. Kada ki yi maganar a gaban matarsa ko yaransa ko baƙi, kuma kada ki shigo da ita cikin raha, don raha a kan abin da mutum yake ƙauna tana barin tabo. Ki bari sai kuna ku biyu, karen yana kwance kusa. Ki fara da abin da shi ma ya gani da idonsa: "Yaya, na lura yana haki a matakala, bara ba ya haka. Kai ma ka gani?" Ki yi shiru ki ji. Sannan ki ce, "An nuna mini wata dabara ta hannu, kawo hannunka ka ji." Ki bar yatsunsa su nemi haƙarƙarin su rasa. Ni kaina haka aka yi mini shekarun baya. Likitar ba ta ce mini komai a kan ƙiba ba, hannuna kawai ta kama ta ɗora a gefen karyata, ta ce in ƙirga mata ƙasusuwa. Na danna, na sake dannawa, ban samu ko ɗaya ba. Har yau ina gode mata da ta bar ni na gano da kaina.

Akwai kuma abin da zai sauƙaƙa wa Yaya zuciya, kuma gaskiya ne. A 2016 masu bincike a Jami'ar Cambridge sun gano cewa kusan ɗaya cikin huɗu na Labrador suna ɗauke da wani canji a ƙwayar halitta mai suna POMC, wanda ke sa su jin yunwa ko sun ci. Karen da aka yi wa dandaƙa shi ma buƙatarsa ta abinci tana raguwa, in aka ci gaba da zuba masa kamar da, dole ya hau. Wasu magunguna, kamar na farfaɗiya da na kumburi irin su prednisolone, suna buɗe ci sosai. Akwai kuma cutar da ƙwayar maƙogwaro, wato tayiroid, ke raguwar aiki, kare ya yi ta ƙiba yana kasala gashi yana zuba. Saboda haka ƙarshen maganarki ya zama likitan dabbobi, ba ke ce za ki yanka wa karen abinci ba. In an fara ragewa, a hankali ake yi, kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na nauyinsa a mako. A riƙa auna abincin a sikeli maimakon ɗiba da kofi, kuma 'yan ƙwalam ɗin da ake miƙa masa tsakanin abinci kada su wuce kashi 10 cikin 100 na abin da yake ci a yini. Sau ɗaya za ki faɗa, da kyau. In ya ɓata rai ki ƙyale shi, magana ta riga ta shiga. Gyara kayanka bai taɓa zama sauke mu raba ba, kuma Yaya ya san haka ko da bai nuna ranar ba.

Wasiƙa ta biyu ta zo ta ɗaya gefen. Wani malami ya ce yana da kare irin saluki, duk sanda ya fita da shi sai wani ya tare shi da "ba ka ba shi abinci ne?" Likita ya duba ya ce lafiyarsa ƙalau, amma maganar tana yi masa ciwo.

Malam, ina jin zafin nan tare da kai, domin zargin barin dabba da yunwa ba ƙaramin zargi ba ne. Ka sani idon mutane ne ya sauya. Wata ƙungiya a Amurka da ke bin diddigin ƙibar dabbobin gida ta samu a bincikenta na 2022 cewa kashi 59 cikin 100 na karnukan da likitoci suka duba sun wuce nauyi. In mafi yawan karnukan da mutum yake gani masu ƙiba ne, sai mai ƙibar ya zama shi ne daidai a wurinsa, lafiyayyen kuma ya zama ramamme. Ga shi kuma karnukan gudu irin naka, saluki da greyhound da Azawakh, halittarsu ce haka: ƙirji mai zurfi, ciki a ɗame, fata siririya, har ana hango wasu haƙarƙarin da kan ƙashin kwankwaso. Bambancin siriri da ramamme a tsoka yake. Ka taɓa cinyar karenka, za ka ji ta a cike da tauri. Ramamme cinyarsa a shafe take, gefen kansa sama da ido ya lotsa, ƙashin baya ya fito kamar carbi, gashi ya dushe, ga rashin kuzari. Amsarka gajera ce, ba sai ka yi musu ba: "Na gode da kulawa, irinsu haka suke, kuma likita ya duba shi." Ka wuce abinka. Kada surutun hanya ya sa ka ƙara masa abinci, don wannan ita ce ɓarnar da irin maganar take yi a gidaje da yawa.

Ta uku ita ce ta fi tsaya mini a rai. Wani ya ce karen maƙwabcinsa wata biyu da suka wuce jikinsa a murje yake, yanzu ana ƙirga ƙasusuwansa daga nesa, amma cikinsa ya yi ƙato. Ba su saba sosai da maƙwabcin ba.

Ɗan'uwa, wannan ba ta jira. Ƙiba shekaru take ɗauka kafin ta kayar da kare, rama ta gaggawa kuwa makonni ne. Abin da ka gani da mai karen zai iya kasa gani shi ne canjin, don wanda yake ganin abu kullum ba ya lura da zubewarsa. Karen da ya zubar da kashi 10 cikin 100 na nauyinsa ba tare da an yi niyya ba yana buƙatar likita. Ƙaton ciki a kan ramammen jiki kuma ba ƙoshi ba ne. A ɗan kwikwiyo galibi tsutsar ciki ce, a babban kare yana iya zama ruwa ne ya taru saboda zuciya ko hanta. Ciwon suga, ƙoda, ciwon daji, ruɓaɓɓen haƙori da ke hana tauna, duk suna kawo rama. Akwai ma cutar da kare zai yi ta ci kamar me amma cikinsa ba ya narkar da abincin, wadda aka fi sani a karnukan nan na Jamus da 'yan sanda ke aiki da su.

Ka je ka yi sallama, ku gaisa sosai, sannan ka tambaya: "Malam, na ga karen nan kamar ya faɗa, lafiya dai ko?" Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mai yiwuwa ya ce maka ana kan magani, ko tsufa ne, ko kwanan nan ya tsince shi a wahale yana farfaɗo da shi. In haka ne ka yi masa sannu da fatan sauƙi. In kuma ka ga bai lura ba, ko hali ne babu, ka nuna masa inda likita yake, ka taimaka da abin da za ka iya ba tare da ka kunyata shi ba. Abu ɗaya nake roƙonka, kada ka riƙa jefa wa karen abinci ta katanga a ɓoye. Wataƙila yana kan abinci na musamman saboda ƙoda ko suga, kuma karen da ya daɗe da yunwa in aka cika masa ciki lokaci ɗaya gishirin jininsa yana iya rikicewa har ya mutu, shi ya sa likitoci ke farawa da kaɗan-kaɗan sau da yawa a yini. In kuwa ka tarar sakaci ne tsagwaronsa, kare a ɗaure cikin rana babu ruwa babu inuwa, ka yi magana an yi biris da kai, to ka kai maganar ga hukuma ko ƙungiyar da ke kula da haƙƙin dabbobi a inda kake. Shi karen ba shi da bakin kai ƙara.

Ta ƙarshe gajera ce. Wata ta tambaya ko za ta iya yi wa wanda ba ta sani ba magana in ta ga karensa a hanya ya yi ƙiba. A'a, Malama. Ba ki taɓa karen ba, ba ki san shekarunsa ko maganin da yake sha ba, wataƙila ma ya riga ya sauke kilo biyar kuma wannan tafiyar da kika gansu a kai tana cikin maganin. Wuri ɗaya ne zan ce ki tsallake kunya ko da baƙo ne: in kika ga babban kare cikinsa ya kumbura ya yi tauri kamar ganga, yana yunƙurin amai babu abin da ke fita, yana dalalar da miyau ya kasa zama wuri ɗaya. Wannan murɗewar tumbi ce mai yiwuwa, tana kisa cikin sa'o'i kaɗan. Ki ce wa mai shi ya nufi asibitin dabbobi a lokacin, kada ya koma gida tukuna.

A nan za mu dakata. Sauran wasiƙun suna nan a ajiye, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.