Tseren mita 800 da 1,500 daga 1908 zuwa 1932: yadda 'yan gudu suka koyi rabon ƙarfi

Assalamu alaikum. Jama'a, batunmu a yau shi ne tseren matsakaicin zango, wato mita 800 da mita 1,500 da kuma mil ɗaya, a farkon ƙarni na 20. Abin da nake so mu riƙe shi ne yadda 'yan gudu suka daina dogara da zafin nama kaɗai, suka koma lissafin yadda za su raba ƙarfinsu daga tashi har layin ƙarshe.

Sai mun fara da fili, don a lokacin kowace ƙasa da irin nata. A gasar Olamfik ta Landan a 1908 zagaye ɗaya sulusin mil ne, kusan mita 536. A Stockholm a 1912 mita 383 ne, a Paris kuma a 1924 mita 500, inda tseren 1,500 ya zama zagaye uku cif. Ingila da Amurka da yadi suke awo, sauran Turai da mita. Daɓen filin da tokar kwal ake yin sa, idan aka yi ruwa sai ya yi laushi, ƙusoshin takalmi su riƙa tona shi. Wannan ruɗani na cikin dalilan da suka sa aka kafa IAAF, hukumar wasannin guje-guje da tsalle-tsalle ta duniya, a Stockholm a 1912, ƙarƙashin Sigfrid Edström, domin a samu ƙa'ida ɗaya da kundi ɗaya na bajintar duniya.

To, ku dubi tseren ƙarshe na mita 800 a wannan gasa ta Stockholm. Mel Sheppard na Amurka, wanda ya lashe 800 da 1,500 a Landan, ya fizga tun daga tashi, ya ci mita 400 na farko a daƙiƙa 52.4. Rabi na biyu sai da ya ɗauke shi kusan daƙiƙa 60. Ted Meredith, ɗan ƙasarsu mai shekara 20, ya bi shi a baya, ya wuce shi dab da layi, ya gama a minti 1 da daƙiƙa 51.9. Me ya faru da Sheppard? Idan mutum ya yi gudu fiye da abin da iskar da yake shaƙa za ta iya ɗauka, tsoka na cin bashi, jini ya ƙara tsami, taku ya gajarta, kafaɗu su ɗaure. Masanin nan na Ingila, A. V. Hill, wanda shi ma ɗan gudu ne, ya yi bayanin wannan bashin iska a shekarun 1920.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya cinye gasar 1916. A Antwerp a 1920, Albert Hill na Birtaniya, yana da shekara 31, ya lashe 800 da 1,500 duka.

Wanda ya sauya tunanin mutane shi ne Paavo Nurmi na Finland. Da agogon awo a hannu yake atisaye, da shi kuma yake shiga tsere, yana duba shi a ƙarshen kowane zagaye, ba ruwansa da wanda ke gabansa. A 1923 a Stockholm ya yi mil ɗaya a minti 4 da daƙiƙa 10.4. Ku raba wannan gida huɗu, za ku samu daƙiƙa 62.6 a kowane zagaye na yadi 440. Ranar 10 ga Yuli 1924 a Paris ya lashe 1,500 a minti 3 da daƙiƙa 53.6, bai cika awa ɗaya da hutawa ba ya dawo ya lashe mita 5,000. A ganina wannan ita ce hujja mafi ƙarfi, domin wanda bai san gwargwadon abin da ya rage masa ba, ba zai iya haka ba.

Akwai wani abu da ke ba ni takaici. A Amsterdam a 1928 aka fara tseren mita 800 na mata a gasar Olamfik, Lina Radke ta Jamus ta yi nasara a minti 2 da daƙiƙa 16.8. Jaridu suka kambama gajiyar da 'yan tseren suka nuna, gajiyar da maza ma ke nunawa bayan 800, aka cire tseren, bai dawo ba sai 1960.

A Los Angeles a 1932 darasin Nurmi ya iso mita 800. Phil Edwards na Kanada ya ci zagayen farko a wajen daƙiƙa 52, ya ƙare na uku. Tom Hampson, malamin makaranta daga Ingila, ya ƙyale shi ya tafi, ya yi 54.8 sannan 54.9, jimilla minti 1 da daƙiƙa 49.7, mutum na farko da ya sauko ƙasa da minti 1 da daƙiƙa 50.

Sai dai masu horar da yara su lura, daidaita zagaye ya fi dacewa da 1,500 da mil. A 800, gwanaye na yau kan sa zagayen farko ya fi na biyu sauri da wajen daƙiƙa biyu, kamar yadda David Rudisha na Kenya ya yi a Landan a 2012. Tazarar Sheppard kuwa ta haura daƙiƙa bakwai.