Barka da zuwa ɗakin gwajin duwatsu, mai girma Kwamishina

Assalamu alaikum.

Ranka ya daɗe mai girma Kwamishina, a madadin malamai da ɗaliban wannan sashe muna maka barka da zuwa, sannu da hanya, sannu kuma da cunkoson Kawo.

Baƙin dutsen nan da ke kan tebur gabanka, wanda yake ɓarewa falle-falle, shi ake kira dutsen mai. Man cikinsa bai nuna ba tukuna, a daskare yake, kerojin ake ce masa, sai an gasa dutsen zafi ya kai wajen digiri 500 kafin ya tsatso. Ƙasar Istoniya ta daɗe tana ƙona irinsa tana samun lantarki, mu ma akwai shi a Lokpanta can jihar Abiya.

To yaya za a san abin da dutse ya ƙunsa? A tsohuwar hanya niƙa shi ake a gasa, shikenan samfuri ya tafi. Shi kuwa NMR, wato awo da maganaɗisu da igiyar rediyo, ranka ya daɗe, kamar mai sayen kankana ne, ya ƙwanƙwasa ya saurara ba sai ya yanka ba. Ana sa guntun dutsen cikin maganaɗisu mai ƙarfi, ƙwayoyin haidirojin da ke cikin ruwa da mai su jeru, sai a kaɗa su da igiyar rediyo a ga tsawon lokacin da za su ɗauka kafin su koma daidai, na cikin kerojin nan take suke yin tsit, na cikin ƙananan ramuka su biyo baya, ruwan da ke sake a babban rami shi ne mai jan lokaci. Daga nan ake gane girman ramukan, da ruwa, da man da zai iya gudana, dutsen kuma yana nan lafiyarsa ƙalau. Ilimin ba sabo ba ne, masana kimiyya Bloch da Purcell suka gano shi a 1946, shi ne ma tushen hoton MRI na asibiti.

Yanzu ga kukanmu. Kaduna, garin da ke da matatar mai tun 1980, ga Kolmani da ke tsakanin Bauchi da Gombe an ƙaddamar da haƙo mai a 2022, wallahi bai dace a ce yaranmu a littafi kaɗai suke ganin na'urar nan ba. Ƙarama muke roƙo, ta ɗorawa kan tebur, amma a haɗa mana da sola da esi, don maganaɗisun ba ya son zafi yana hawa yana sauka.

Allah ya ƙara girma. Bismillah a shigo ciki, ɗalibai sun jera samfura suna jira.