The Black Book: uban da aka kashe wa ɗa, da abin da masu saurarenmu suka ce

Nura: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Yau mu uku ne, ni Nura, ga Sadiya, ga kuma Yaya Habu da ya rufe shago da wuri don ya samu zama da mu. Makon jiya muka ce kowa ya je ya kalli fim ɗin The Black Book ya turo mana ra'ayinsa, toh saƙonni sun shigo wallahi har ban gama saurarar na murya ba. Wanda bai kalla ba ya dakata a nan, don yau za mu fasa ƙwai.

Sadiya: Bari in ɗan tuna wa mutane labarin a gurguje. Editi Effiong ne ya ba da umarni, ya fito a Netflix ranar 22 ga Satumba 2023, an kashe masa wajen dala miliyan 1, kuma a Legas da Kaduna aka ɗauke shi. Richard Mofe-Damijo ne ya fito a Paul Edima, dattijo mai hidima a coci, ba ruwansa da kowa. Sai gurɓatattun 'yan sanda suka kama ɗansa Damilola suka laƙa masa laifin garkuwa da mutane, suka kashe shi don a rufe asirin waɗanda suka yi aikin na gaskiya. Ashe shi wannan dattijon da ake raina wa wayo, zamanin mulkin soja shi ne mai yi wa wani Janar aikin kisa.

Nura: Kuma saƙon farko ma a nan ya tsaya. Wani bawan Allah daga Zariya ya ce shi dai tunda aka kashe yaron nan bai sake jingina da kujera ba, duk wanda Paul ya kayar sai ya ji sanyi a ransa, ya ce da shi ne da ko ɗaya ba zai bari ba. Irin wannan saƙon su suka fi yawa gaskiya.

Yaya Habu: Ai dole su fi yawa Nura. Ka dubi lokacin da fim ɗin ya fito mana, shekara uku kacal bayan zanga-zangar EndSARS ta Oktoba 2020, wadda ta sa aka rusa rundunar 'yan sanda ta SARS ranar 11 ga watan. Mutane ba su manta ba. Kuma kai ko ba ka je zanga-zanga ba, wane gida ne babu wanda aka taɓa tsarewa a ce masa beli kyauta ne a rubuce a bango amma sai an sayar da akuya kafin ya fito? Ni ƙanin matata kwana huɗu ya yi a wani caji ofis saboda kawai an yi kame a layinsu yana dawowa daga sayen maganin sauro, na kai masa abinci na tarar da shi daga shi sai gajeren wando, idonsa ya yi ja, bai ma iya ɗaga kai ya dube ni ba don kunya. Toh mutumin da ya ga irin wannan in ya zauna gaban talabijin aka nuna masa wanda ya rama, me kake so ya yi in ba tafi ba?

Sadiya: Na yarda Yaya Habu, amma akwai abin da yawancin masu turo saƙon suka tsallake, kuma shi ya fi taɓa ni. Da farko Paul bai ɗauki makami ba fa. Abu biyu ya je nema, a wanke sunan ɗansa, a ba shi gawarsa ya binne. Ya bi ofis ofis yana roƙo kamar kowane talaka, ana wulaƙanta shi. Ni a nan na yi kuka, ba a wajen harbe-harbe ba, don duk wanda ya taɓa rashi ya san meye a hana ka gawar naka, ba wanka ba sutura ba kabarin da za ka je ka tsaya.

Nura: Wata 'yar uwa daga Maraɗi ma abin da ta ce kenan, ta ce ita rabin farko ne fim ɗin a wajenta, daga inda aka shiga maganar baƙin littafin da ke ɗauke da sirrin Janar da safarar ƙwaya sai labarin ya yi mata rassa da yawa, har ta fara ɓata wane ne na wane.

Sadiya: Tana da gaskiya kam. An cusa mutane da yawa, ga Janar Issa, ga sanata, ga Angel, ga matar da ake kira Big Daddy da rundunar matanta, wani kafin ka gane shi an wuce. Amma hoto da sauti babu laifi, an yi aiki.

Yaya Habu: Kun ambaci Angel, ku yara ba lallai ku san wannan ba. Sam Dede da ya fito a Angel ɗin nan, shi ne Ebube na fim ɗin Issakaba a farkon shekarun 2000, lokacin muna kallo a kaset a gidan kallo. Sunan Issakaba ɗin ma Bakassi ne aka juya shi ta baya, 'yan sintirin nan na Aba da Onitsha da 'yan kasuwa suka kafa saboda 'yan fashi sun addabe su. Da farko kowa yabonsu yake, a fim ma an nuna suna da asirin da ke gane mai laifi, adda ta nuna ɓarawo ba kuskure. A zahiri kuma fa? Aka wayi gari ana yanka mutane a bainar jama'a ba shari'a, 'yan siyasa suka shigo suna amfani da su, har gwamnatin tarayya ta murƙushe su a 2002.

Sadiya: Yauwa, ka kawo ni inda nake so in je. Mu masu kallo mun san Damilola bai yi komai ba saboda kyamara ta nuna mana, mun san wanda ya yi, mun ga fuskarsa, shi ya sa in Paul ya harbi mutum zuciyarmu ba ta ɗar. A titi kuma wa ke nuna maka? Ina 'yar shekara sha biyar na raka mamana kasuwa, sai muka ji ihun ɓarawo ɓarawo, wai waya aka ɗauke. Yaro ne bai fi ƙanina ba, yana riƙe da ledar tumatir, kafin ka ce kwabo an kewaye shi, wanda ma bai san me ya faru ba ya ajiye kayansa ya zo ya kai duka. Har yau ina ganin tumatirin nan da aka tattake da silifas ɗinsa guda ɗaya a gefen kwata. Wani dattijo mai sayar da hatsi ne ya faɗa kansa ya rufe shi da babbar rigarsa yana ku ji tsoron Allah, da ba don shi ba da an gama da yaron. Kuma a duk waɗanda suka dake shi ban ji wanda ya ce ni na ga ya ɗauka ba.

Nura: Subhanallahi. Ai ni da nake sauraron saƙonnin nan Uromi ce ta yi ta faɗo min a rai. Ƙarshen Maris 2025, ana cikin azumi, mafarauta 16 yawancinsu 'yan jihar Kano sun taso daga jihar Ribas za su gida sallah, 'yan sintiri suka tare motarsu a Uromi ta jihar Edo, aka ga bindigogin farauta, aka ce masu garkuwa ne, aka kashe su aka ƙona. Laifin da aka laƙa wa Damilola a fim, shi ɗin dai aka laƙa musu. Kuma waɗanda suka taru a wajen, da yawansu garkuwa da mutane ta ishe su ne, a ransu gani suke su ne masu rama wa jama'a.

Yaya Habu: Allah ya jiƙansu ya ba iyalansu haƙuri. Mu ma a nan gida ai mun gani, Zamfara da Katsina, 'yan sa-kai sun tashi ne saboda ɓarayin shanu sun hana kowa barci, amma da aka fara kama mutum a kasuwa a kashe don kawai Bafulatani ne, sai ramuwa ta bi ramuwa, ƙauye ya ƙone ƙauye. Har yau ba mu fita ba.

Nura: Akwai wani malamin islamiyya daga Gombe da ya turo dogon saƙo, ya ce a tuna wa mutane addini bai ce uba ya haɗiye jinin ɗansa ba. Ƙisasi na nan a Suratul Baƙara aya ta 178, dangin mamaci suna da zaɓi, ko ƙisasi ko diyya ko afuwa. Amma ta hannun alƙali ake bi, da shaidu, kuma Suratul Isra'i aya ta 33 ta ce wa waliyyin jinin kada ya wuce iyaka wajen kisa.

Yaya Habu: Malam ya yi gaskiya, ban ja ba ko kaɗan. Amma ni tambayata wadda ke ci min rai, in alƙalin da ɗan sandan da sanatan duk bakinsu ɗaya kamar yadda aka nuna a fim ɗin, talaka ina zai kai kuka? Kada mu zauna a nan mu yi ta yi wa wanda aka zalunta wa'azin haƙuri mu bar azzalumin yana yawo da jiniya.

Sadiya: Ba haƙuri nake cewa ya yi ba Yaya. Ka duba fim ɗin da kansa, harsashi bai wanke Damilola ba, abin da ya tona asirin manyan shi ne littafin, wato hujja a rubuce, da 'yar jarida Vic Kalu da ta ƙi sakin maganar. Kuma ita Vic ɗin fa, daga baya ta gano Paul ne ya kashe mata uwa lokacin yana yi wa Janar aiki. Cikin duk saƙonnin da suka shigo mutum biyu ne kawai suka ambaci wannan. In dai kowa zai rama da hannunsa, ita ma ai tana bin Paul jini, mu da muke masa tafi za mu yarda ta harbe shi?

Yaya Habu: Hmm. Wannan kam sai na sake kallon wajen, don ni hankalina na kan uban ne kawai.

Nura: Toh ka sake kalla Yaya Habu, mako mai zuwa da kai za mu buɗe. Saura saƙonnin murya guda tara ban saka ba, akwai na wata uwa daga Kaduna da ta ce ɗanta na tsare yau wata goma sha ɗaya ba a kai shi kotu ba, ta ce ta kasa ƙarasa fim ɗin, ta kashe tun wajen da Paul ya je neman gawa. Mun nemi izininta ta amince, in sha Allahu za mu sa muryarta gaba ɗaya ba yankewa, kuma za mu gayyato lauya ya faɗa mata ƙofar da za ta ƙwanƙwasa. Sadiya, ki riƙe min lambarta. Sai mun haɗu, wassalamu alaikum.