Guɗar baƙin rami

Assalamu alaikum. Na baya, kuna ji na? Madalla. Abubuwa uku na zo da su.

Na farko, ranar 14 ga Satumba 2015, na'urorin LIGO biyu a Amurka, ta Hanford da ta Livingston, masu auna girgizar sararin samaniya, suka kama girgizar haɗewar baƙaƙen ramuka biyu, wato wurare a samaniya masu ƙarfin ja da ko haske ba ya kuɓuce musu. Ɗaya ya kai nauyin rana sau 36, ɗayan sau 29. Ramin da suka haifa bai natsu nan take ba, sai da ya yi amo kamar tasar da aka ƙwanƙwasa. Vishveshwara, masanin kimiyya ɗan Indiya, ya hango amon nan a lissafi tun 1970.

To, amon ba murya ɗaya ba ce. Nan ne zaƙin yake, jama'a. Ku ɗauka ya da ƙanwa sun rangaɗa guɗa tare a gidan biki, muryoyinsu kamar an tsaga kara. Ta yayar tana kaɗawa wajen sau 250 a daƙiƙa, kafin ƙiftawar ido ta dushe. Ƙanwar kuwa numfashinta bai wuce sulusin na yayar ba. Sulusi fa! Kai kuma kana bayan katanga, ga hayaniyar yara, aka ce ka rantse mata nawa ne. Hajiya tana dariya, ita ta san aikin.

Me ya kai mu farautar ƙanwar? A lissafin masani Kerr na 1963, wanda ya ginu a kan nazariyyar Einstein, nauyi da juyi kaɗai ke bayyana irin wannan rami. Muryar yayar ta ba ka su biyun. Ƙanwar ce mai shaida: in ta saɓa, Einstein na da tambayar amsawa.

A 2019 masani Isi da abokan bincikensa suka ce sun jiyo ta a girgizar 2015. A 2022 wasu masanan, su Cotesta, suka ce a'a, hayaniya ce, kuma ya danganta da daidai lokacin da ka fara saurare. Sai ga girgizar 14 ga Janairu 2025, garau, ƙanwar ta fito fili.

Na uku... na biyu ko? Na'am, ɗan'uwa?

Ya ce sarari babu iska, ina amo ya fito? Ka kama ni. Aron kalma muka yi, sararin ne da kansa ke miƙewa yana tsukewa. Hannun LIGO kilomita 4 ne, motsin da yake aunawa kuwa bai kai faɗin furoton ba, wato ɗan mitsitsin ɓurɓushin da ke cikin ƙwayar zarra. Bari in zana muku. Wa ke da alli?