Guguwar rana: ta ina take biyowa kafin ta iso saman Accra?

Salamu alaikum jama'ar Nima da Mamobi. Saƙon nan na WhatsApp mai cewa guguwar rana ce ta kawo zafin da muke sha, wai a kashe waya kafin ta iso, ya zaga gida-gida har iyayenmu mata sun tsorata. Abin ya dame ni, shi ya sa muka haɗa wannan bidiyo.

Guguwar dai akwai ta. Ku duba nan: rana ce ke amayar da gajimaren ƙwayoyi masu lantarki. Tsakaninmu da ita kilomita miliyan 150 ne, gajimaren yakan yi kwana 1 zuwa 3 a hanya. Ta 10 ga Mayun 2024 ita ce mafi ƙarfi tun 2003, kun ga hotunan jan sama daga Turai.

To a nan ake ruɗewa. Ba ta faɗo mana a ka. Maganaɗisun duniya yana karkatar da yawancin ƙarfinta zuwa ƙuryar arewa da ƙuryar kudu. Can ne, sama da kilomita 100 daga ƙasa, lantarkin yake dumama iska farat ɗaya. Ku bi jan layin nan. Iskar ta yi zafi ta kumbura ta tashi, nauyinta ya jawo ta ƙasa, ta zarce, ta sake tashi. Wannan hawa da saukar ba ya tsayawa wuri ɗaya, yana tura iskar da ke maƙwabtaka da shi, ita ma ta tura ta gabanta. Kamar ka bugi gefen baho cike da ruwa ne: hannunka bai taɓa tsakiya ba, amma igiyar ta kai can. Haka raƙuman iskar nan suke gangarowa da gudun ɗaruruwan mitoci a daƙiƙa, cikin 'yan sa'o'i sun ƙaraso yankinmu na tsakiyar duniya. Ni kam wannan yana ba ni mamaki har kullum.

Sai dai suna wucewa ne can wajen kilomita 300 a sama. Hadari da zafi da hazon hunturu duk a cikin kilomita 15 na ƙasa suke, ko ɗan fiye. Don haka, Hajiya, gumin Kasuwa Mamudu ba daga nan yake ba, wayarki ma lafiyarta ƙalau.

Abin da raƙuman suke taɓawa shi ne sashen sama mai lantarki, wanda saƙon GPS yake ratsawa daga taurarin ɗan'adam. In ya motsu, saƙon ya yi jinkiri, taswira ta kauce. A Mayun 2024 manoma a Amurka sun dakatar da shuka saboda taraktocinsu masu bin GPS sun rikice. Zafin kuma yana kumbura iskar sama har ta riƙa jan taurarin: a Fabrairun 2022 taurarin intanet na Starlink 38 daga cikin 49 da aka harba sun faɗo sun ƙone.

Rana tana da zagayen kusan shekara 11 na yawaita da raguwar guguwarta, kuma a Oktoban 2024 NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka, ta sanar cewa ranar ta kai ganiyarta. A bidiyo na gaba za mu duba raƙuman da hadarin daminarmu ke turawa daga ƙasa zuwa can sama.