Shida Za Ka Tara, Huɗu Za Su Shiga Fili: Yadda Ake Haɗa Rundunar Gasa a Pokémon

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Daga Garwa nake magana, ina gaida na Marwa da Ngaundere da Kuseri, da na tsallaken kogi a Njamena.

Makon jiya da la'asar muna gindin dalbejiya ana jiran shayi ya nuna, sai ƙanena ya miƙo mini wayarsa, ransa a ɓace. Ya ce, "Yaya, duba mini. Duk masu ƙarfin na kwaso, amma kowa ya zo sai ya cinye ni." Na duba. Dodanni shida ne, kowanne in ya daki abu sai ya kwanta, amma ba ɗaya da aka ɗauko domin ya taimaki na kusa da shi. Na tambaye shi, "Ƙane, ta wace hanya kake so ka ci wasan?" Ya yi shiru. Wannan shirun ne ya sa na yi bidiyon nan.

Tun da Pokémon, wasan bidiyon da ake tara dodanni a yi karawa da su, ya fito a Japan a 1996 da dodanni 151, yanzu sun kai 1025, kuma jinsinsu 18 ne: wuta, ruwa, ciyawa, lantarki, ƙasa, ƙarfe da sauransu. A gasar da kamfanin ke shiryawa, wadda ake kira VGC, biyu da biyu ake karawa. Kowa ya zo da shida, ku ga na juna, sannan kowa ya zaɓi huɗu. Duka ana daidaita su a mataki na 50, ba a maimaita dodo, ba a maimaita abin riƙo, wato kayan taimako ɗaya da kowane dodo ke ɗauka. Wanda ba shi da na'urar wasa ta Nintendo Switch kada ya ce an bar shi a baya. Akwai Pokémon Showdown, shafin intanet da ake irin wannan karawa a kai, kyauta ne, a burauzar waya yake buɗewa, ba ya shan data sosai, kuma cikin minti kaɗan za ka haɗa rundunar da a ainihin wasan sai ka yi kwanaki kana kiwonta. Mu nan da yawanmu da sunayen Faransanci muka saba, don haka zan riƙa faɗin biyun.

To, mu gina runduna tare. Tubalin farko jimla ɗaya ce da za ka iya faɗa wa abokinka ba tare da ka yi in'ina ba. Tawa ga ta: zan saukar da ruwan sama, in yi ambaliya kafin abokin karawa ya motsa.

Wa zai kawo ruwan? Pelipper, wato Bekipan. Baiwarsa ita ce da ya shigo fili ruwa ya kece, ya yi zagaye biyar yana zuba. Cikin ruwan nan harin ruwa na ƙaruwa da rabi, harin wuta kuma ya ragu da rabi. Wa zai ci moriyar? Kingdra, wato Hyporoi, shi ma na ruwa ne, wanda gudunsa ke ninkawa biyu in ana ruwa. Ku lura da lissafin nan a allo. Duk dodon da ya yi hari irin jinsinsa, ana ƙara masa rabi. Ruwan sama ya sake ƙara rabi a kan wancan. Ɗaya da rabi sau ɗaya da rabi, ya zama 2.25. Ma'ana harin Kingdra ya haura ninki biyu, kuma shi ne zai fara duka. Waɗannan biyun su ne zuciyar rundunar. Sauran huɗun kuwa, kowannensu amsar wata tambaya ce.

Tambaya ta farko: me zai kashe zuciyar nan? Pelipper na ruwa ne kuma mai tashi, dukansu biyu lantarki na cutar su, sai illar ta zama ninki huɗu. Walƙiya ɗaya ta ishe shi. Saboda haka na ɗauko Amoonguss, wato Gaulet, wannan naman kazan da ba shi da kyan gani. Yana da garin hoda da yake watsawa, sai harin da aka auna wa abokinsa ya karkato kansa, shi kuma na ciyawa ne, lantarki rabin illa yake masa. Yana kuma da wata hodar mai sa barci wadda ba ta kuskure, sai dai ba ta kama 'yan jinsin ciyawa. Wanda ke zuwa filin Roumdé Adjia kallon Coton Sport ya san akwai ɗan wasan da ba za ka ji sunansa cikin masu jefa ƙwallo ba, amma ran da bai buga ba kowa sai ya gane. Gaulet kenan.

In kuna shakkar darajar irin wannan aiki, ku tuna gasar duniya ta 2014 a birnin Washington. Sejun Park na Koriya ta Kudu ya ɗauki kofi da Pachirisu a rundunarsa, ɗan ƙaramin kurege da ba wanda ke lissafi da shi. Aikinsa shi ne ya janyo hari kansa, kuma baiwarsa ta sa in lantarki ya same shi jini yake ƙara masa. Sai ya tsaya kusa da Gyarados, wato Léviator, wanda lantarki ne babban ajalinsa, ya ba shi sarari ya yi ɓarna. Har yau in na sake kallon wasan nan sai tsigar jikina ta tashi, domin mutumin ya zauna ya gano ramin da ke rundunarsa, ya nemo abin da ya yi daidai da bakin ramin, bai damu da abin da jama'a za su ce ba.

Na huɗu shi ne Incineroar, Félinferno. Za ku ce me na wuta yake yi cikin damina? Ba don wutarsa na kawo shi ba. Da ya shigo, baiwarsa ta razana abokan gaba biyun, ƙarfin bugunsu na jiki ya koma kashi biyu cikin uku. Yana da marin ba-zata, Fake Out, da Faransanci Bluff, wanda ke riga kusan kowane hari fita, ya hana wanda aka mara motsi a wannan zagayen. A zagayen da ya shigo kaɗai yake yiwuwa, kuma ba ya taɓa jinsin fatalwa. Sannan in 'yan ciyawa irin su Rillaboom suka zo su addabi masu ruwana, shi ne ke tare musu hanya.

Yanzu mu zo inda nake so ku tattara hankalinku, maganar gudu, domin a nan ake cin yawancin wasa tun kafin a fara. Kowane dodo yana da makin horo 510 da za ka rarraba masa, kuma ba a zuba fiye da 252 a wuri guda. Akwai kuma hali, iri 25, wanda yawancinsu ke ƙara kashi 10 cikin 100 a wani wuri su rage daidai haka a wani. Sababbin 'yan wasa sukan cika 252 a ƙarfin hari, 252 a gudu, su wuce. Mu tsaya mu yi lissafi. Kingdra a mataki na 50, ba ka sa masa ko maki ɗaya a gudu ba, yana da 105. Ruwa ya sauko, ya zama 210. Flutter Mane, Flotte-Mèche, wadda ke cikin masu tsananin sauri, in an cika mata gudu da hali da komai, 205 take. Kun gani? Ya riga ya wuce ta ba tare da an kashe komai ba. To in ta riƙe abin da ke ƙara mata rabin gudunta fa? Ta koma 307. Kingdra kuwa ko ka zuba masa duk abin da kake da shi, 150 zai kai, ninki biyu 300. Ba zai kamo ta ba. Saboda haka a kan wannan abokiyar gabar, makin nan 252 asara ne ta kowace fuska, gara ka zuba kaso mai yawa a jininsa ya jure duka. Ba na cewa kada ka sa komai a gudu, domin akwai lokacin da ruwa zai ɗauke, akwai kuma wasu masu gudun cikin ruwa irinsa. Abin da nake cewa shi ne, kafin ka sa maki, ka kira sunan wanda kake so ka riga.

Tunda gudu bai magance Flutter Mane ba, sai na nemi karen bana. Na biyar shi ne Scizor, Cizayox. Na ƙarfe ne, ƙarfe kuma shi ne maganin jinsin aljanu irin su Flutter Mane da ke cutar Kingdra. Yana da naushin harsashi da ke fita kafin harin yau da kullum komai saurin mai shi, Flutter Mane kuwa jikinta ba ya ɗaukar naushi. Abin da ya fi burge ni, rauninsa ɗaya ne tak a duniya, wuta, ninki huɗu, ga shi ruwan Pelipper ya raba ta biyu. Shi ya rufa wa Kingdra asiri, Pelipper ya rufa masa. In ka fara ganin irin wannan saƙa tsakanin dodanninka, ka kama hanya.

Kujera ta shida ta ranar da dabararka ta ƙi ci ce. Misali abokin karawa ya fito da Torkoal, Chartor, mai kawo rana. Ga wani sirri: in masu sauya yanayi biyu suka shigo tare, na mai sauri ne ke fara aiki, na mai nawa ya zo ya goge shi. Asalin gudun Pelipper 65 ne, na Torkoal 20. Kenan rana ce za ta tsaya, irin ta watan Afrilu a Garwa, Kingdra ya zama kifi a kan yashi. Maganin shi ne ka ajiye Pelipper a baya, ka shigo da shi daga bisani. To wa zai riƙe fili kafin nan? Garchomp, Carchacrok. Ba ya buƙatar ruwa, lantarki ba ya taɓa shi sam, girgizar ƙasarsa na cutar 'yan wuta ninki biyu. Girgizar takan haɗa har da abokinsa, amma in Pelipper ne a gefensa, yana sama, ko gezau. Ka dai kiyaye shi daga ƙanƙara.

Akwai kuma masu juya fili, Trick Room ko Distorsion, inda na zagaye biyar mai nawa ke riga mai sauri. Nan Amoonguss, mai asalin gudu 30, yake zama sarki, ya yi ta kwantar da su barci har lokacin ya ƙare.

Maganar garkuwa, Protect ko Abri, gajeriya ce: motsi ne da ke kare dodo daga hari na zagaye ɗaya, yawancin dodanninka su iya ta. Tana cinye zagayen abokin gaba, tana ƙona lokacin ranarsa ko juyin filinsa. In ka maimaita ta a jere, damar ta yi aiki ta koma ɗaya cikin uku. Abin riƙo kuma, ba wa Pelipper ɗamarar da ke bar masa ɗigon jini ɗaya in an buge shi yana cike, Kingdra ya ɗauki dutsen da ke ƙara ƙarfi da kashi 30 cikin 100 yana cin kashi 10 na jininsa a kowane hari, Amoonguss ya riƙe 'ya'yan itacen da ke mayar da kwata na jini. A Scarlet da Violet, da suka fito a Nuwamba 2022, an ƙara damar sauya jinsin dodo ɗaya sau ɗaya a wasa. Ni na fi son a adana ta don ceton wanda ke bakin mutuwa, kamar mayar da Garchomp na ƙarfe lokacin da ƙanƙara ta nufo shi.

Abu ɗaya da nake roƙonku: dokokin gasa na sauyawa bayan 'yan watanni, wani dodon a halatta shi yau, gobe a hana. Ku duba dokar da ake ciki kafin ku ɓata dare kuna gini. Sannan ku buga wasa da yawa da rundunar kafin ku taɓa ta. Ƙarfin bugu kan bambanta tsakanin kashi 85 zuwa 100, mummunan bugu na faɗowa sau ɗaya cikin 24, ga namu na gida, wuta ta ɗauke ko sabis ya yanke agogo ya cinye ka. Waɗannan ba laifin runduna ba ne. Amma in dodo ɗaya ne yake ta kashe ka, ko akwai naka da kullum yake zaman benci, rubuta shi a takarda, ka sauya kujera ɗaya kawai, ka sake gwadawa.

Ƙanena ya ɗauki shidan nan tun ranar. Jiya ya zo ya ce, "Yaya, Gastrodon fa? Duk harin ruwan da na auna wa ɗaya, shi yake shanyewa, ƙarfinsa ma ya ƙaru." Gaskiyarsa ne, kuma Amoonguss kaɗai ke da ciyawar da za ta dake shi ninki huɗu. Mun sa wa Amoonguss harin ciyawa a gurbi na huɗu na hare-harensa, yau da dare bayan isha'i za mu gwada mu ga ko ya wadatar, ko kuwa sai Ludicolo, mai jinsin ruwa da ciyawa, ya karɓi kujerar Kingdra.