Takardar WhatsApp Mai Gaggafa da Dawakai Biyu

Auwal: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Yau muna tare da Anti Binta da Barista Nura. Anti, ke kika zo mana da maganar yau.

Binta: Wallahi Auwal tun shekaranjiya abin ke cin raina. Ƙanwata ce mai haɗa yaji a Kano. Shekara uku tana fama, sai da sunan kayanta ya fara zama a bakin mutane, sai ga saƙo ta WhatsApp. Takarda tsaf, gaggafa da dawakai biyu a samanta, har da jan hatimi. Wai wani kamfani a Legas ya nemi a yi masa rajistar sunan yajinta, in ba ta biya cikin awa 48 ba za a ba shi, ita kuma a hana ta. Ga sitika kwali guda ta buga, tana nan jibge a ɗakinta. Ta kira ni muryarta na rawa.

Auwal: Subhanallah. Ta biya?

Binta: Rabi ta tura. Asusun wani mutum ne, da sunansa da na ubansa.

Nura: Ai daga nan asirinsu ya tonu, Hajiya. Ofishin rajistar tambarin kasuwanci yana Abuja, ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari. Kuɗin gwamnatin tarayya kuwa ta dandalin biyan kuɗi na Remita ake biya, a fitar miki da lamba, ba a asusun wane ɗan wane ba. Zancen awa 48 ɗin ma tsagwaron ƙarya ce. Ko da gaske wani ya nemi sunan, dole sai an buga shi a mujallar ofishin, sannan a ba duk mai ja wata 2 ya kawo ƙorafinsa.

Binta: Wata biyu! Ita ko barci ba su bari ta yi ba.

Nura: Da gangan ne. Sun san in ta kwana ta yi shawara, ciniki ya tashi.

Auwal: Amma Barista, ina ce tana da takardar CAC? Ni a zatona wannan ta wadatar.

Nura: Wannan ramin ya fi kowanne cin mutane, Malam Auwal. CAC sunan kasuwanci ko kamfani take yi wa rajista, don a san da zamanka. Sunan da ke jikin robar yaji, da zanensa, wannan tambari ne, ofishinsa dabam, dokarsa dabam. Akwai dillalan da ke karɓar kuɗin duka biyun, su kawo maka ta CAC kaɗai a cikin leda mai sheƙi, su ce an haɗa maka. Kai kuma ka rataye a shago, hankali kwance. Sai ranar da ka je NAFDAC neman lamba, aka ce kawo shaidar rajistar tambari, sannan ido ya raina fata. Na ga dattijo mai gidan ruwan leda ya zauna a ofishina ya kasa magana saboda wannan.

Binta: To ta gaskiyar yaya take tafiya?

Nura: Da farko za a ba ki takardar shaidar an karɓi buƙatarki. In an duba babu mai irin sunan, a ba ki takardar amincewa. Sai bugawa a mujalla, sai jiran nan, sannan satifiket. Abu ne mai cin watanni, sau da yawa fiye da shekara. Wanda ya ce jibi zai kawo miki satifiket, a shagon kwamfuta zai buga shi. Sannan kaya rukuni-rukuni ne, har 45. Yaji yana na 30, turare na 3, tufafi na 25, kuma a Najeriya kowane rukuni da takardarsa da kuɗinsa.

Auwal: Wani abokina kuma takardar sabuntawa aka aiko masa, shekara biyu da yin rajista.

Nura: Kada ya ba da ko sisi. Rajistar farko shekara 7 take yi, daga nan ana sabuntawa duk shekara 14.

Auwal: Masu kai kaya Maraɗi da Damagaram fa?

Nura: Ta Najeriya ba ta ƙetare iyaka. Nijar tana cikin OAPI, ƙungiyar rajistar tambari ta wasu ƙasashen Afirka 17 mai hedikwata a Yawunde, rajista ɗaya ta shekara 10 ta rufe su duka. Masu tallar “rajistar duniya” kuwa, babu takarda guda da ta rufe duniya duka. Hukumar WIPO da ke Janiba, mai kula da harkar tambari da haƙƙin mallakar fasaha a duniya, da kanta tana gargaɗi kan takardun biyan kuɗi na bogi masu kwaikwayon sunanta.

Binta: Barista, jiya da daddare ma sun sake kiranta, wai cikon kuɗi.

Nura: Kada ta goge komai. Ta ɗauki hoton hirar da rasit ɗin, gobe da sassafe ta je bankinta ta shigar da ƙorafi, daga nan ta kai wa 'yan sanda ko EFCC. Sannan ta nemi lauya ko wakilin da ofishin ya amince da shi, a shigar da sunan nan a rukuni na 30 cikin makon nan.

Binta: Bari in kira ta yanzu, Auwal, kafin su sake bugo mata.